Ƙananan kalmomin Ingilishi masu cin ribar ɗan kasuwa

Daga Maraɗi zuwa Kano, daga Galmi zuwa Akra, takardun ciniki da yawa da Ingilishi ake rubuta su. Sau da dama manyan kalmomi ba su kawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. Abin da ke kawo ta shi ne wata ƴar mitsitsiyar kalma mai harafi biyu ko uku da ke bin bayan aikatau, wadda ido ke tsallakewa cikin gaggawa.

Sanin kowa ne cewa tun kafin Nasara ya shata iyaka, fataken Katsina da Gobir da Damagaram suna kai da kawowa tsakanin kasuwannin ƙasar Hausa, kuma harshe ɗaya ya ishe su ciniki. Har gobe, in Bamaraɗe ya shiga kasuwar Dawanau ko Kantin Kwari a birnin Kano, ba ya bukatar tafinta. To amma da zarar ciniki ya bar baki ya hau takarda, sai labari ya sha bamban. Takardar banki da ta ƴan kwastan na Nijeriya, da ta tashar jiragen ruwa ta Tema a ƙasar Gana, da wasiƙun kamfanonin Dubai da na ƙasar Sin, duk da Ingilishi suke zuwa. Shi ne harshen da a Nijeriya ake ce wa Turanci, alhali a nan ƙasar in an ce Turanci, galibi Faransanci ake nufi.

Shi ma ma'aikacin gwamnati abin bai bar shi ba. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Iyakar da ta haɗa Nijar da Nijeriya ta kai kusan kilomita 1,500. Hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971, a Yamai cibiyarta take. Layin dogo mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021 daga Kano ya nufi Maraɗi. Duk waɗannan al'amura suna haifar da wasiƙu da yarjejeniyoyi da rahotannin taro, kuma dole wani ya karanta su, wani ya sa musu hannu. Gaskiya ne ana koyar da Ingilishi tun daga ajin farko na koleji, sai dai Ingilishin cin jarrabawa daban yake da wanda ake ɗaura dukiya a kansa.

Su wane ne ƴan rakiya?

Waɗannan ƙananan kalmomi su ne Faransawa ke kira « prépositions », malaman nahawun Larabci kuma suke ce musu haruffan jarri. A Ingilishi su ne irin su « to », « for », « from », « by », « on », « in » da « with ». Ana iya kiran su ƴan rakiya, domin aikinsu shi ne su raka aikatau zuwa ga sunan da ke gabansa, su nuna wa aka yi wa aikin, da me aka yi shi, kuma yaushe.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san nauyinsu. A Larabci, in an ce « da'a lahu », addu'ar alheri aka yi wa mutum. In kuwa aka ce « da'a alaihi », muguwar addu'a aka yi masa. Haka « ragiba fi » na nufin son abu, « ragiba an » na nufin juya masa baya. Aikatau ɗaya ne, ɗan rakiya kawai aka sauya, ma'ana ta kife.

Ita Hausa tana da nata irinsu, kamar « da », « ga », « daga », « wa » da « a », amma babban aikin a jikin aikatau take yin sa. Mutum ya sayi gero, ya sayo gero, ya saye gero, ya sayar da gero, ya saya wa ƙanensa gero: tushe ɗaya ne, ƙarshen kalma ne ke nuna ko kaya sun shigo ko sun fita, ko an kwashe su duka. Ingilishi ba ya yin haka. Aikatau yana nan yadda yake, ɗan rakiya ne ke ɗauke da wannan bambanci. Shi ya sa Bahaushe, wanda kunnensa ya saba neman ma'ana a jikin aikatau, yakan ɗauki ɗan rakiya kamar kwalliya, ya sa wanda ya fara zo masa a baki.

Tarihi ma yana da hannu a ciki. A tsohon Ingilishi na shekaru 1,000 da suka shige, ƙarshen suna ne ke sauyawa ya nuna matsayinsa a jimla, kusan kamar yadda i'irabi ke yi a Larabci. Sannu a hankali waɗannan alamomi suka zube, nauyin ya koma kan jerin kalmomi da kan ƴan rakiya. Bayan da Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi. Aikatau da yawa sun shiga, amma ba duka suka shiga da ƴan rakiyarsu na gida ba. Wannan shi ne tarkon da ke kama wanda ya yi lakkwal da Faransanci: yana ganin kalmar ya gane ta, sai ya zaci ɗan rakiyarta ma shi ne na Faransanci.

Misalai suna da yawa. Bafaranshe na cewa « dépendre de », Ba'ingilishe na cewa « depend on ». Na farko na cewa « participer à », na biyu « participate in ». Akwai aikatau da a Faransanci ba su bukatar rakiya, a Ingilishi kuwa dole: « attendre » shi ne « wait for », « chercher » shi ne « look for », « écouter » shi ne « listen to », « demander » kuma in abu ake roƙo « ask for » ne. Akwai kuma akasin haka, inda Faransanci ke sa rakiya Ingilishi ya ƙi: « répondre à » ya zama « answer » kaɗai, « entrer dans » ya zama « enter », « discuter de » ya zama « discuss ».

Aikatau mai suna « pay »

Babu aikatau da ɗan kasuwa ya fi rubutawa kamar « pay », wato biya. Shi ma daga tsohon Faransanci ya fito, can asalinsa kuma wata kalmar Latin ce, « pacare », mai nufin kwantar da hankali, domin mai bin bashi ba ya samun natsuwa sai an sallame shi. A Faransanci ana cewa « payer le chauffeur », ana kuma cewa « payer la marchandise », duk ba tare da rakiya ba. Ingilishi ya raba waɗannan gida uku.

Na farko, mutumin da aka ba kuɗi yana bin aikatau kai tsaye: « pay the driver », a biya direba. In adadin kuɗin ne ya fara zuwa, sai « to » ta shigo: « pay 50,000 francs to the driver ».

Na biyu, abin da shi kansa kuɗi ne da ake bin mutum, kamar haraji, kuɗin haya, tara, bashi ko kuɗin duwan, shi ma ba ya son rakiya: « pay the rent », « pay the fine », « pay the duty ».

Na uku, abin da aka samu a madadin kuɗin, ko kaya ne ko aiki, dole ya zo da « for »: « pay for the goods », « pay for the transport ». Wanda ya rubuta « I paid the goods » za a gane nufinsa, sai dai za a san hannunsa bai faɗa ba. Inda haɗarin yake shi ne wurin da duka jimlolin biyu daidai ne amma ma'anarsu ta bambanta. « I paid the driver » na nufin kuɗi sun shiga hannun direba. « I paid for the driver » na nufin an ɗauke wa direba wani nauyi, wataƙila kuɗin masauki ko na abinci, ko kuma an biya kamfani kuɗin aikinsa, shi kuwa ko dala bai gani ba. In aka aika wa abokin ciniki a Kano da jimla ta farko alhali ta biyu ake nufi, direba zai isa ya nemi ladansa, a nuna masa takarda a ce an riga an biya shi. Daga nan sai rantse-rantse da zargin cin amana, alhali ba wanda ya ci kuɗin wani.

Hanyar biya ma tana da nata ƴan rakiya. Irin kuɗi da « in » yake tafiya: « pay in naira », « pay in CFA francs », haka ma kuɗi hannu, « pay in cash ». Hanyar da kuɗin suka bi da « by » take tafiya: « pay by cheque », « pay by bank transfer ». Zuba kuɗi a asusu « pay into the account » ne. Biya kafin kaya su zo « pay in advance » ne, biya ranar da aka sauke su kuwa « pay on delivery ». Tsakanin waɗannan biyun akwai dukan kasadar hanya: wanda ya biya tun farko shi ke kwana da fargaba har mota ta iso.

Sai a yi hattara da « pay back » da « pay off ». Na farko mayar da rance ne. Na biyu, in bashi ne a gabansa, yana nufin an gama biya ƙaf: « pay off the loan ». Amma in mutum ne a gabansa, musamman jami'i, yana iya nufin an toshe masa baki da cin hanci, ko kuma an sallami ma'aikaci daga aiki. Ɗan kasuwar da ya biya kuɗin duwan bisa ƙa'ida, ya karɓi rasiɗi, sannan ya rubuta wa abokin hulɗarsa cewa « I paid off the customs officers », da hannunsa ya rubuta wa kansa takardar tuhuma.

Tsakanin « by » da « to »

In maganar ƙari ko ragi ake yi, harafi biyu kan yi awon gaba da miliyoyi. « By » na nuna yawan abin da aka ƙara ko aka rage. « To » na nuna inda aka tsaya. Faransanci ma yana da wannan bambanci, tsakanin « réduire de » da « réduire à », amma saboda « de » ba ta kama da « by » ko kaɗan, hannu yakan zame.

A ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa ya yi odar buhu 500, kowane buhu a kan jikka 20. Kasuwa ta ɗan yi sanyi, ya yi niyyar rage buhu 100 ya karɓi 400. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne « reduce the order by 100 bags ». In ya rubuta « reduce the order to 100 bags », abin da za a loda masa buhu 100 ne kacal. Bambancin buhu 300 ne, wato kayan miliyan 6 na sefa, kuma wanda ya aiko ba shi da laifi, abin da aka rubuta ya aikata. Kafin a gyara, mota ta tashi, waɗanda suka ba da kafin alƙalami suna jira a ƙofar sito.

Haka yake a wajen kaso. In wani haraji kashi 10 cikin 100 ne, aka ce « increased to 20 per cent », an ninka shi. In kuwa aka ce « increased by 20 per cent », daga 10 ya koma 12. Ma'aikacin da ke fassara rahoto ga shugabansa, in ya haɗa waɗannan biyun, ya ba da labarin da babu shi.

Ranaku da wa'adi

« Pay on Friday » na nufin ranar Juma'a ita kanta. « Pay by Friday » na nufin kowace rana daga yau, amma kada a wuce Juma'a, abin da Bafaranshe zai ce « au plus tard vendredi ». « Until Friday » kuwa abin da ke ci gaba ne har zuwa ranar, kamar « wait until Friday », a jira har Juma'a. Haka nan « within 30 days » na nufin a cikin kwana 30, ko gobe aka biya daidai ne, alhali « in 30 days » ya fi karkata ga bayan kwana 30 sun cika.

Kada a zaci wannan ƙaƙale ne na malaman lakkwal. Cibiyar Ƴan Kasuwa ta Duniya, wadda aka kafa a 1919 take kuma da mazauni a birnin Paris, tana da ƙa'idojin da bankuna ke bi wajen biyan kuɗin kaya ta hanyar takardar lamuni ta banki, abin da ake kira « crédit documentaire ». An fara fitar da su a 1933, bugun da aka fi sani da UCP 600 kuma ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2007. Sashe na 3 na waɗannan ƙa'idoji ya zauna musamman ya fassara ƴan rakiya ɗaya bayan ɗaya. In ana maganar tazarar lodin kaya, « to », « until », « till », « from » da « between » sun haɗa har da ranar da aka ambata, amma « before » da « after » ba su haɗa da ita ba. In ana lissafin ranar da biya zai wajaba, « from » da « after » ba su ƙirga ranar da aka ambata. In kuwa aka rubuta « on or about », ana nufin daga kwana 5 kafin ranar zuwa kwana 5 bayanta.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, in takarda ta ce a loda kaya « before 15 June », ranar ƙarshe ita ce 14 ga wata. Mai riɗi ko mai ayar da ya loda ranar 15 ya makara, kuma banki na da ikon ƙin karɓar takardunsa, domin banki da takarda yake aiki, ba ya ganin buhu. Daga nan sai mai kaya ya koma lallashin mai saye, shi kuwa mai saye in ya ga farashi ya faɗi, ya sami ƙofar neman ragi. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Wa ke bin wa?

A Hausa, wane ya ranci kuɗi, wane ya ranta masa: aikatau ɗaya ne ya ɗan sauya. A Faransanci aikatau biyu ne amma rakiyarsu ɗaya, « emprunter à » da « prêter à ». A Ingilishi aikatau biyu ne, rakiya biyu: « borrow from », a karɓo rance daga wani, da « lend to », a ba wani rance. Wanda ya ɗauko « à » ta Faransanci ya rubuta « I borrowed 2 million to him » ya bar mai karatu cikin duhu, ba a san wa ke bin wa ba. Ranar da aka je gaban alƙali ko gaban magada, irin wannan takarda ba ta raba gardama.

Saye da sayarwa ma haka. Jimlar Faransanci « j'ai acheté du mil à mon frère » tana iya nufin daga hannun ɗan'uwa aka saya, tana kuma iya nufin shi aka saya wa. Ingilishi ba ya barin wannan ƙofa a buɗe: « buy from » daga wurinsa, « buy for » dominsa. « Sell to » na nuna wanda aka sayar wa, « sell for » na nuna nawa aka sayar. Sannan akwai « deal in » da « deal with »: na farko irin kayan da mutum ke fatauci, kamar mai albasar Galmi da zai ce « I deal in onions », na biyu kuwa wanda yake hulɗa da shi, ko matsalar da yake warwarewa.

Na ƙarshe a wannan layi shi ne « agree ». « Agree with » ra'ayi ne ya zo ɗaya da na wani. « Agree on » ɓangarori biyu ne suka tsaya a kan magana guda, kamar farashi ko ranar lodi. « Agree to » kuwa amsa tayi ne, mutum ya ɗauki alkawari: « we agree to your terms ». Wanda bai gama shawara ba, ya guji wannan ta ƙarshe. Kuma ba a cewa « I am agree », wanda fassarar « je suis d'accord » ce kalma da kalma. « I agree » ya wadatar.

A cikin biro

Ma'aikacin da ke neman burs ko gurbin ƙaro ilmi a ƙasar waje, kalmar farko da mai duba dosiyensa zai gani ita ce « apply ». Abin da ake nema da « for » yake tafiya, wurin da ake nema da « to »: « apply to the university for a scholarship ». Inda masu nema suka yi yawa, kuskure a layin farko ba ya taimakon mai shi.

« Attend » kaɗai halartar taro ne, « attend the meeting », abin da Faransanci ke ce wa « assister à ». « Attend to » kuwa kula da mutum ko da al'amari ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin jira, duk da kamannin da ke tsakaninsu da « attendre ». « Report to » na nuna shugaban da mutum ke ƙarƙashinsa, « report on » na nuna abin da aka yi rahoto a kansa. « Answer the letter » amsa wasiƙa ne, « answer to the director » zama ƙarƙashin ikon darakta ne, « answer for the loss » kuwa ɗaukar alhakin asara ne. Duk wanda aka miƙo wa takardar ɗaukar aiki a wani shiri na ƙasa da ƙasa, ya kamata ya san wanne daga cikin ukun ne yake sa wa hannu. Ga kuma « comply with », bin doka, da « account for », ba da bayanin inda kuɗi suka shiga, waɗanda ba su rabuwa da takardun masu ba da tallafi.

Ingilishin maƙwabta

Da yawa daga cikin ƴan kasuwar ƙasar nan ba a aji suka koyi Ingilishi ba, a Kano da Legas da Kumasi suka tsince shi. Ingilishin Nijeriya yana da nasa al'adu, waɗanda masana suka daɗe da rubutawa, kamar David Jowitt a littafinsa na 1991 a kan yadda ake amfani da Ingilishi a Nijeriya. A can ana yawan jin « request for », « discuss about », « order for », « reply the letter », har da « borrow me » a madadin « lend me ». A Ingilishin Ingila da na Amurka kuwa, aikatau « request », « discuss » da « order » ba su ɗaukar waɗannan ƴan rakiya, « reply » kuma sai da « to ». Tushen wasu daga ciki a fili yake: suna yana ɗaukar rakiya, « a request for payment », sai aka ba aikatau irin ta suna.

Wannan bai zama abin raini ba. Harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da shi kullum yana da haƙƙin yin nasa salo, kuma su kansu Ingila da Amurka ba su daidaita a komai ba: Ba'amurke na cewa « write me », mutumin Ingila na cewa « write to me ». Abin lura shi ne sanin wa ake rubuta wa. Wasiƙar da za ta tsaya Katsina daban take da wadda za ta je banki a Dubai ko jami'a a Indiya.

Ina mafita?

Babu wata doka guda da ta tattare waɗannan ƴan rakiya, don haka haddace jerinsu kaɗai ba ya fid da kai. Hanyar da malamai suka daɗe da yarda da ita ita ce a koyi aikatau tare da ɗan rakiyarsa a matsayin kalma ɗaya, kuma a cikin cikakkiyar jimla. Wani malami ɗan Ingila, A. S. Hornby, wanda ya koyar a ƙasar Japan, ya lura da wannan matsala a wurin ɗalibansa, ya tsara ƙamus na musamman don baƙin harshe. An fara buga shi a Tokyo a 1942, kamfanin ɗab'i na jami'ar Oxford ya sake fitar da shi a 1948, kuma shi ne ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary. Amfanin irin wannan ƙamus shi ne yana nuna ginin jimla a gaban kowace ma'ana, da gajerun alamomi biyu: « sb » mutum ke nan, « sth » abu ke nan. Wanda ya ga « pay sb for sth » ya sami dukan darasin a layi ɗaya. Ƙamus na Ingilishi zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990 shi ma yana ba da misalai cikin jimla.

Ɗan kasuwa ba ya bukatar sanin dukan Ingilishi. Aikatau 20 ko 30 ne ke juya harkarsa. Kaye ɗaya ya isa a rubuta su, kowane da jimlolinsa da fassararsu cikin Hausa, a ajiye a kanti kusa da littafin bashi.

Bayan haka, inda kuɗi ko rana suke, kada a ɗora dukan nauyi a kan ɗan rakiya. A maimakon « reduce by 100 » kaɗai, a rubuta « from 500 bags to 400 bags », a sa jimillar kuɗi a gaba. A maimakon « by Friday », a rubuta « no later than » tare da cikakkiyar rana, sunan wata da haruffa, domin 3/4 a Ingila 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. In lamba ta fito fili, ko ɗan rakiya ya karkace, ma'ana na nan.

Na'urorin fassara na wayar salula suna taimakawa, kuma tun 2013 Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa. Sai dai na'ura ba ta san abin da ke zuciyar mai rubutu ba. In jimlar da aka ba ta mai fuska biyu ce, kamar ta gero da ɗan'uwa, za ta zaɓi ɗaya ta miƙo ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka takardar da ke ɗauke da dukiya mai yawa ta cancanci ido na biyu, na mushen Ingilishi ko na wanda ya daɗe a harkar fiton kaya. Ladan da za a ba shi bai kai kuɗin buhu ɗaya ba, kuma matambayi ba ya ɓata.

Sauran aiki yana wuyan hukuma da ƙungiyoyi. Tun da Ingilishi ya zama harshen aiki a hukumance, ya dace masu tsara manhajar koleji da lise su ba wasiƙar ciniki da ta ofis gurbi, su kuma riƙa kwatanta Ingilishi da Hausa kai tsaye, maimakon a bi ta Faransanci kullum, inda wasu kurakuran ke samo asali. Cibiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suna iya shirya darussan yamma ga yaran kanti da magatakardan manyan alhazai, waɗanda su ne ke rubuta saƙonnin yau da kullum. Alhajin da ba zai yarda a auna masa hatsi da tiyar da bai duba ba, bai kamata ya sa hannu a kan jimlar da ba a warware masa ƙananan kalmominta ba. Allah shi ba da kasuwa mai albarka, shi kuma tsare dukiyar jama'a daga asara.